Aiken Yazawa

Lahadi ta uku ke nan Naldo yana sunkuyawa har ƙasan firiza saboda wani mutum daban, kuma duk sau ukun a kan idon Genival aka yi.

Wanda bai san mashayar Dona Zuleide ba zai ce to sai me. Ai kuwa akwai magana. Firizar tsohuwa ce, irin ta kwance, mai zurfi. Kwalaben da ke sama sanyinsu na yaudara ne, kafin ka tsiyaya kofi na biyu giyar ta koma ruwan wankan jariri. Na can ƙasa su ne giya, waɗanda ƙanƙara ta rufe fari fat, sai an ɗauko su ta wuya a hankali don kada abin ciki ya daskare. Naldo kuwa mai ciwon baya ne. Shekara goma sha shida yana tsaye a bayan kantar nan, kuma duk mai zuwa ya san mutum ɗaya yake sunkuya wa. Sauranmu abin da hannunsa ya fara taɓawa shi muke sha, in ka yi ƙorafi ya yi maka murmushi ya ce ana sayar da ƙanƙara a kasuwa.

Mutum ɗayan nan shi ne Genival, tsohon direban bas, shekara sittin da ɗaya, mai gashin baki da yake shafa wa baƙi yana zaton ba wanda ya gane. Kujerarsa ita ce ta ƙarshen kanta, jikin bango, ƙarƙashin fanka. Ba don iska ya zaɓe ta ba. Daga nan ana ganin ƙofa, ana ganin kowane tebur, ana ganin hannun Naldo da duk kafaɗar da ya sauka a kai. Aikin Naldo ne ya ce wa kowa masoyi, ya tambayi wannan jikin mahaifiyarsa, ya yaba wa wancan sabon aski. Genival ya san aiki ne. Sanin bai taɓa hana shi kishi ba.

Gida kuwa ba su da shi tare. Tun rasuwar matarsa Genival yake zaune da 'yarsa Lucineide, yanzu har da 'ya'yanta biyu, can ƙetaren gada, kuma a sanin Lucineide kowace Lahadi babanta yana wajen tsofaffin direbobi suna wasan domino. Naldo yana tare da tsohuwarsa. Abin da suka mallaka su biyu shi ne kusurwar kantar nan, sai ɗakin sama da Dona Zuleide ke ba su makullinsa ran Litinin, ranar da ba a buɗewa. Iyakar dukiyar ke nan. Mutumin da wannan kaɗai yake da shi a duniya, yaya za ka ce masa kada ya yi gadi?

Ranar Lahadin da nake magana, garinmu Recife tafasa yake yi don zafi. Tun sha biyu an baje teburan roba har bakin titi. Dona Zuleide tana kicin, ta ɗaure kai, tana zuba romon wake a ƙananan kofuna, kowanne da ƙwan salwa ɗaya, tana zagin duk wanda ya leƙo ya ce ta yi sauri. Ƙamshin soyayyen rogo da busasshen nama ya cika ko'ina. Akwatin kiɗa yana ta tsofaffin waƙoƙin nan na wadda aka yaudara, ƙattai masu gemu suna bi da hannu a ƙirji. Wasu daga bakin teku suke, da yashi a ƙafa. Wasu daga coci, sun cire rigar kirkin sun rataye a bayan kujera. Mai sayar da kifi a bakin kwana da mijinsa suna ta faɗan da suke yi kowane mako a kan wanda ya bar fitila a kunne. A nan namiji yakan riƙe hannun namiji a kan tebur, maƙwabta sun daɗe da gajiya da kallo.

Baƙon sunansa Cleiton, ma'aikacin jinya ne, bai daɗe da tarewa a unguwar ba. Ba yaro ba ne, zai yi arba'in, amma irin arba'in ɗin nan mai ban haushi: ba tumbi, haƙora a jere, ba ya ɗaga murya. In aka kawo masa abu sai ya kalli idon wanda ya kawo ya yi godiya. Tun daga godiyar nan Genival ya tsane shi.

Kuma yana gani, ba labari aka ba shi ba. Ya ga Naldo ya dafe ƙugu ya nutsa rabin jikinsa cikin firiza, ya fito da kwalba fara fat, ya wuce ta gabansa da ita zuwa teburin bakin taga. Ya ga ya goge teburin sau biyu, teburin da ba abin da ya zube a kai. Ya ga ya tsaya can yana dariya har da mayar da kai baya, irin dariyar da Genival ya manta rabon da ya ji ta ran Litinin.

"Ƙawata, sha giyarki mana, kin bar ta tana gumi," in ji Bira mai aski, wanda ke kujerar kusa da Genival, shi da ya saba yi wa maza magana kamar mata. "Ko yau idon ne ke sha?"

Genival ya ce masa ya ji da nasa kofin.

"Ƙwai biyu fa aka sa masa a romo. Na ƙirga. Ni shekara goma ina zuwa gidan nan, ko ɓawon ƙwai ba a taɓa ƙara mini ba. Ke a zamaninki nawa ake sa miki?"

Bira haka Allah ya yi shi, in bai soki mutum ba abinci ba ya narke masa. Genival shi ma ya riga ya ƙirga ƙwan. Litinin ɗin da ta wuce ya yi maganar a ɗakin sama, ya fara da wasa ya ƙare da hargagi. Naldo yana kwance rub da ciki saboda bayan, ya ce mutumin baƙo ne, bai san kowa ba, daga aikin asibiti yake zuwa a gajiye, kuma kowa yana da ranarsa ta farko a mashaya. Genival ya ce to ranar farko sau nawa ake yin ta. Naldo ya ce ya gaji da a riƙa yi masa awon dariya. Suka rabu ba wanda ya raka wani.

Abu ɗaya ne ke kwantar wa Genival da hankali, shi ne yazawa.

Shekarun baya, bayan wani faɗa da aka fasa wa mutum kwalba a ka, Dona Zuleide ta kafa doka: ba mai tashi ya je teburin wani da maganar so. In ka ga wanda ya yi maka, sai ka sa a zuba giyar rake a ɗan ƙaramin kofi, a ɗora yankan yazawa a bakinsa, Naldo ya kai a faranti ya faɗi wanda ya aiko. In wanda aka kai wa yana so, ya shanye ya ciji yazawar. In ba ya so, ya mayar da kofin da godiya, ba cin fuska. In kuwa yana da mai shi, to ba ya taɓawa. Mai shi ne zai miƙe ya zo ya shanye a tsaye, ya cinye yazawar, jama'a su yi ta dukan tebur, wanda ya aika ya ɗaga hannu ya yi dariya, magana ta ƙare. Aure nawa aka ƙulla da yazawar nan, faɗa nawa aka kashe da ita, sai dai Dona Zuleide ta faɗa maka.

Shi kansa Naldo an sha aika masa. In haka ta faru shi zai zuba da hannunsa, ya ajiye a gabansa a kan kanta, ya harɗe hannu. Genival ba ya barin kofin ya gama zama. Yakan taso a hankali, yana gyara bel, ya kalli wanda ya aiko sama da ƙasa, ya shanye, ya tauna yazawar yana kallonsa. A duk rayuwarsa ba inda yake jin kansa cikakken mutum kamar a cikin tafin nan. Don haka yau ma jira yake yi. Bari mai haƙoran nan ya yi gigin aikawa. Har ya riga ya shirya irin kallon da zai yi masa.

Wajen ƙarfe uku Cleiton ya taso, ya zo kanta da kwalbarsa da ta ƙare. Genival ya gyara zama. Sai mutumin ya tsaya, ya dube shi, ya sake dubawa, fuskarsa ta washe.

"Baba, don Allah, ba kai ne mahaifin Lucineide ba?"

Genival ya ji kamar an taka masa birki a tsakiyar gangara.

Ashe asibitinsu ɗaya da Lucineide, sashensu ɗaya, tare suke karɓar aiki. Cleiton ya ce ai ya san fuskar nan, hotonsa ne a fuskar wayarta, shi da jikokin ranar bikin haihuwar ƙaramar. Tun makon jiya yake ta tunanin inda ya san shi. Ya ce Lucineide ba ta da zance sai na babanta, wanda ya rene ta shi kaɗai, wanda ya ƙi sake aure har yau saboda son mahaifiyarta. Duk asibitin an san labarin. Akwai ma wata nas da ta yi hawaye da ta ji.

Bira ya saka hanci a kofi. Naldo yana nan taku biyu daga wurin, yana goge kofi, bai ɗago ba.

Nan fa bakin Genival ya kama aiki ba da izininsa ba. Ya ce e, shi ne. Ya ce shi dai romon wake ke kawo shi, duk garin ba mai yin sa kamar matar nan. Ya ce tun yana tuƙi ya san Dona Zuleide, a motarsa take zuwa kasuwa. Ya ce mutanen nan ba ruwansa da su, kowa da rayuwarsa, shi ya sha romonsa ya tafi. Yana faɗa yana jin kunyar muryarsa, amma ya kasa tsayawa, har da wata dariya da ba tasa ba.

Cleiton ya yarda, abin takaicin ke nan. Ya dafa ƙirji ya ce shi ya sa Lucineide take da hali irin nata, a gida ta gani. Ya ce ita ce ta farko da ya gaya wa yadda yake a wurin aiki, ko gezau ba ta yi ba, sai ma ta ce yaushe za ta ci abincin biki. Gobe da safe zai gaya mata ya ga babanta zaune cikinsu ba ƙyama, dattijon arziki. Genival ya ji wannan ma. Ya ji, amma bai shige shi ba. Abin da ke gabansa shi ne nas ɗin da ta yi hawaye, da hoton matarsa a falo wanda Lucineide ke canja wa furanni, da shekara goma sha shida na domino da bai taɓa bugawa ba.

Sai Cleiton ya matso, ya rage murya, kunya ta kama shi kamar saurayi. Ya ce tunda Baba ya daɗe yana zuwa, ko ya san in Naldo yana da wani.

"Ni ina zan sani?" in ji Genival. "Ga shi nan, tambaye shi."

Cleiton bai tambaya ba, an riga an gaya masa dokar gidan. Ya juya ya ce wa Naldo a zuba giyar rake, a sa yazawa. Naldo ya ce a kai wa wa. Cleiton ya ce ba sai an kai ko'ina ba.

Naldo ya ajiye tsumma. Ya ɗauko yazawa ja daga kwano, ya wanke, ya yanka a hankali, ya zaɓi yankan tsakiya mai ruwa. Ya zuba giyar har baki, ya ɗora yankan, ya ajiye faranti a gabansa, ya faɗa da ƙarfi yadda doka ta ce: daga Cleiton, zuwa Naldo. Sannan ya harɗe hannu.

Labari ya zaga teburan kafin ƙiftawar ido. Dona Zuleide ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta rage kiɗa. Waɗanda ke waje suka leƙo ta taga. An saba, biki ne, kowa ya san abin da zai biyo baya. Mai kifi har ya ɗaga tafinsa sama da tebur yana jira. Duk ido ya koma ƙarshen kanta.

Tsakanin hannun Genival da kofin nan bai fi kamu uku ba. Ba sai ya miƙe ba ma, miƙa hannu kawai. Kishi yana cin sa kamar ya tashi ya shaƙe mutumin, ya ga yadda yake kallon Naldo, ya ga wuyan Naldo da gumi a kai, wuyan da ya sani fiye da nasa. Nasa ne. Kowa a ɗakin nan ya san nasa ne, sai mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan gobe da ƙarfe bakwai zai tsaya kusa da Lucineide yana sa rigar aiki.

Sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar matsoraci da ke zuwa da kama da hankali. Ai Naldo zai iya mayarwa. Doka ta ba shi dama. Ya ce na gode, ya tura farantin, shi ke nan, ba wanda ya rasa komai. Naldo ya san halin da ake ciki, a gabansa aka yi maganar. In yana son sa da gaske zai rufa masa asiri yau ɗaya. In ma bai mayar ba, to dama can zarginsa gaskiya ne. Da wannan Genival ya ɗora wa Naldo kayan duka, ya ja kofin romonsa da ya huce, ya kai baki, yana kallon bango.

Bira ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin kanta.

"Ke, tashi mana," ya ce a hankali, kuma wannan karon ba wasa a muryarsa.

Genival bai tashi ba. Fanka tana ta juyawa. Mai kifi ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a cinya. Cleiton yana murmushi yana waige-waige, bai gane me ya sa wurin ya yi tsit ba, ya zaci haka al'adar take.

Naldo ya daɗe yana kallon ƙarshen kantar. Sannan ya warware hannunsa, ya ɗauki kofin, ya shanye a kurɓi ɗaya, ya ciji yazawar har ruwanta ya gangaro masa a haɓa.

Ba wanda ya daki tebur. Cleiton ne kaɗai ya yi dariya, ya rufe fuska da hannu don murna. Dona Zuleide ta kalli Genival, kallon da ya fi zagi, ta mayar da kiɗa ta koma kicin. A hankali surutu ya dawo, amma kowa da kofinsa yake magana.

Can Naldo ya zo ƙarshen kanta kwashe kwalabe. Genival ya riƙe masa hannu ta inda ba a gani, ya ce ai da ya mayar. Ya ce ya san abin da yake yi, dama abin da yake so ke nan, tun makon farko ya gani, ƙwai biyu, goge tebur, duk ya gani.

"Ka gani," in ji Naldo. "Kullum kana gani."

"'Yata ce fa, Naldo. Ka ji abin da ya ce."

"Na ji. Na ji abin da kai ma ka ce." Ya zare hannunsa, ba da ƙarfi ba. "Sai da na ƙirga talatin a raina, Genival. Da can ko biyu ba ka bari in kai."

Ya kwashi kwalabensa ya wuce.

Mai hankali da ya tashi ya tafi gida. Genival ya so ya tashi, amma in ya tafi wa zai ga abin da za su yi? Ya zauna. Ya ga Cleiton ya ɗauko kofinsa daga teburin taga ya dawo kanta. Bira ya tsani kujerarsa a ranar, ya ce zafi ya ishe shi, ya koma waje, sai Cleiton ya hau ta, kafaɗarsa tana gogar ta Genival. Ƙamshin sabulunsa ma abin haushi ne. Yana ta ba Naldo labarin garinsu, Naldo yana saurare yana yanka lemun tsami, wani lokaci ya yi murmushi, bai ƙara kallon ƙarshen kanta ba.

Sai Cleiton ya tuna da shi. Ya juyo, ido na ƙyalli, ya ce wallahi Baba ne ya kawo masa sa'a, mako uku yana son aikawa yana tsoro, sai da ya yi magana da shi ya samu ƙarfin hali. Ya ce ba zai yiwu ya bar shi haka ba, dole ya yi masa wani abu. Tunda romo ne ke kawo shi, a kawo wa Baba romo, mai zafi, sabon zubi.

Naldo ya shiga kicin ya fito da shi, ya ajiye a gaban Genival, ya sa cokali da takardar goge baki a gefe, yadda ake yi wa kowa.

"Sha, Baba, kada ya huce," in ji Cleiton. "Gobe zan gaya wa Lucineide mun sha romo tare."

Genival ya ce ya gode. Ya ɗauka da hannu biyu, ya sha da zafinsa.